Ramin da Kirgelei Ya Haƙa a Watan Agusta

Krasnodar, 3 ga Agusta, 1994

Goggo Balbara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da shanunki da gwiwar nan taki da ba ta shiri da ruwan sama. Ni lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Maigidana yana gaishe ki.

Ke na rubuta wa ba Baba ba, domin na san in na aika masa takarda, murhu zai kunna da ita. Ke kuwa kakanku ɗaya da shi, shinge ɗaya ne tsakanin gidajenku, kuma duk ƙauyen Hatinnak ke kaɗai kike yi masa tsawa ya yi shiru.

Na nuna wa babban likitanmu hoton ƙirjin Baba da aka ɗauka bara. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce huhu irin wannan, a jikin mai shekara saba'in da huɗu, ba zai ci gaba da ɗaukar sanyin hamsin ƙasa da sifili ba. Hunturu ɗaya ko biyu in ya zauna can. In ya dawo nan kudu, zai iya kai shekara goma.

Na gyara masa ɗaki. Inabi ya hau har bakin tagarsa, ruwan zafi na famfo, banɗaki a cikin gida. Ga tikitin jirgi daga Yakutsk a cikin ambulan ɗin nan, ba a sa masa rana ba, yana aiki har shekara. Don Allah ki sa shi ya ƙetare kogi kafin ƙanƙara ta fara bin ruwa. Ba ni da kowa sai shi, Goggo.

'Yarki,
Tuyara

Hatinnak, 9 ga Satumba

Tuyara 'yar nan,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Mun gama yankan ciyawa, ingiricina tsibi goma sha ɗaya, zai kai shanuna huɗu har Mayu. Sauro ya ci rabonsa a jikinmu ya tafi. Shekaranjiya na tarar ruwan bokiti ya yi ɓawo da safe, kin san abin da wannan ke nufi.

Na kai wa babanki takardarki yana zaune a kan kututture yana ɗinkin ragar kifi. Na karanta masa tun daga gaisuwa har sa hannu. Da na zo kan inabi sai ya ce, "Ki tambaye ta, inabin nan ana yanka shi a daskare a ci da gishiri kamar kifi?" Da na zo kan banɗaki ya ce shi bai taɓa jin mutum mai hankali ya yi bayan gida a ɗakin da yake cin abinci ba. Na ce, Kirgelei, ba ɗaki ɗaya ba ne, kai ma ka sani. Ya ce rufi ɗaya ne dai. Tikitin kuwa ya juya shi gaba da baya, ya ce takarda mai kyau ce, ya soke shi a bayan madubi.

Na yi masa faɗa bakin ƙarfina, kada ki ce ban yi ba. Amma ni ma ina da abin faɗa miki. Kin rubuta kamar muna zaune a cikin azaba muna jiran a zo a cece mu. Shekara goma sha ɗaya da tafiyarki har kin manta? Naman da na rataye a rumbun ƙasa tun bara yana nan kamar yau aka yanka. Ruwan da muke sha tabki ne ya daskare, muka yanko shi da zarto, in kin ɗaga shi a rana kina ganin fuskar mutum ta cikinsa. Ƙofata ba ta san kwaɗo ba. Dawakinmu suna kwana a fili cikin sanyin da ke fasa ƙarfe, su tone dusar ƙanƙara da kofato su ci ciyawa, su fito hunturu da ƙiba. Ku can wace dabba gare ku mai irin wannan zuciya?

Sai labarin da ya cika gari. Babanki ya haƙa kabarinsa. Kwana tara a watan Agusta yana hawa tudun maƙabarta da diga da shebur, daidai gefen dama na Motuona, mahaifiyarki. Ya gama, ya jera katako a kai, ya rufe da ciyawa da ɓawon itace don kada ruwa ya shiga. Matan gari suna ta cewa buɗaɗɗen rami kiran mutum yake yi. Shi ko a jikinsa.

Mai wasiƙa yana jira a bakin kwalekwale, bari in tsaya nan. Na ba wutar murhu man shanu da sunanki, kamar yadda al'adarmu take, don ta tsare ki.

Goggonki,
Balbara

Krasnodar, 27 ga Satumba

Goggo,

Ina gaishe ki. Kin cika shafi biyu da ingirici da dawaki, sannan a can ƙasa, kamar mai ba da labarin akuya ta haihu, kin ce Baba ya haƙa kabarinsa. Me kike ɓoye mini? Jini yake tofarwa? Ya kwanta ne? Mutum ba ya haƙa wa kansa rami sai in ya ji wani abu a jikinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda dangi suke rubuta wasiƙa in suna lallaɓa mutum.

Kin ce na manta. Ban manta komai ba. Shekarata tara da Inna ta rasu a watan Janairu, saboda jirgin likita ya kasa sauka cikin hazo. Ina tsaye a tagarki ina kallon hayaƙi a kan tudu kwana uku. Na tuna ranar da Baba ya shigo, kika cire masa safar hannu, yatsunsa biyu sun yi fari fat kamar kyandir. Garin da kike yabo shi ya cinye mini uwa, ya cinye masa yatsu, yanzu yana jiran sauran.

Ki faɗa mini gaskiya da dawowar wasiƙa. In ya kwanta, zan ajiye aikin in taho ko ta wace hanya.

Tuyara

Hatinnak, 4 ga Disamba

'Yar nan,

Muna lafiya, babanki yana kan ƙafarsa. Na sa wannan a gaba tunda kin ce ina ɓoye magana a ƙasan takarda.

Wasiƙarki mako bakwai ta yi a ƙetaren kogi a cikin buhu. Ta iso gaɓa daidai lokacin da ƙanƙara ta yi wa kwalekwale yawa, ta yi wa mota kaɗan. Sai jiya aka buɗe hanyar mota a kan ƙanƙarar kogin. Na san kin yi wata biyu ba ki da sukuni, abin ya dame ni ƙwarai. Wannan kam laifin garinmu ne, ban musa ba.

Amma kin karanta ni a baibai. Ba don ya ji mutuwa ya haƙa ba. Kin ce kin ga hayaƙi ta taga. Ni na hau tudun, ni na kai masa shayi yana haƙa kabarin mahaifiyarki. A Janairu ƙasar nan dutse ce. Sai a tara itace a kunna, a jira ya cinye, a share garwashi, a haƙa taƙi ɗaya, diga ta fara tsalle, a sake tara itace. Haka har kwana uku. Maza shida suka taya shi, biyu sun kwanta ciwo bayan nan. A Agusta kuwa ƙasa tana sakin jiki har kusan ƙirjin mutum, wuta biyu kawai ya kunna a ƙarshe. Da na ce masa ya haukace, cewa ya yi, "Balbara, ba ɗan wanda zai bar yatsansa a kan tudu saboda ni." Iyakar maganar ke nan. Aiki ne ya yi shi a kan kari, kamar yadda ake tara itace.

To, ga gaskiyar da kika nema. Tarin ya ƙaru. Tunda sanyi ya wuce arba'in, in ya fita ba shanu ruwa sai ya tsaya sau biyu yana riƙe shinge. Babu jini. Rana yanzu awa huɗu take leƙowa, ta koma. Ni kaina da safe in na fita da fitila ina fasa ƙanƙarar kwamin ruwan shanu, gashin idona yana mannewa, nakan ce a raina, Tuyara ta fi mu wayo. Ɗinka wa shanu rigar hantsa don kada nononsu ya daskare, wannan ba abin alfahari ba ne, wahala ce tsagwaronta. Sai kuma in shigo, in zauna gaban murhu, in fere ɗanyen kifi daskararre ya narke a harshena, in ji shirun daji har numfashina yana ƙara a iska, in ce ina zan je in bar wannan.

Na sake yi masa maganar tafiya, tunda hanya ta buɗe har Afrilu kuma motocin kaya suna zuwa Yakutsk. Ya ce, "Na yi wa Motuona alkawarin gefenta. In na mutu a garin inabi, wa zai ɗauko ni ya kawo ni?" In kina da amsa, ki aiko.

Balbara

Hatinnak, 28 ga Janairu, 1995

Tuyara,

Babanki yana da rai, yanzu haka yana ɗakina yana cin naman dukushi yana zagin rediyo. Ki riƙe wannan kafin ki ci gaba. Maganin da kika aiko ya iso, yana sha in na tsaya a kansa. Ba wasiƙa a cikin kunshin, na gane fushi kike yi.

An rufe ramin nan ran Talata, amma ba shi ke ciki ba.

Kin tuna Baibal maƙeri, gajeren nan mai yawan surutu da ke ƙera wuƙaƙe a bayan makaranta? Abin da ba ki sani ba, shi ya fara neman mahaifiyarki. Har 'yan kunne na azurfa ya ƙera mata. Ta karɓa, ta sa wata biyu, sai babanki ya dawo daga kiwon dawaki, ta cire ta mayar. Tun daga ranar, shekara arba'in da biyar, Baibal da Kirgelei ba su taɓa gaisawa da sunan juna ba. Wannan ya ce "mai guduma", wancan ya ce "mai warin doki". Kowace bazara sai sun yi rigima a kan iyakar ciyawa wadda ba ta kai faɗin tabarma ba.

To, Baibal ya faɗi a bakin maƙerarsa ran Asabar da hantsi, kafin a ɗaga shi rai ya yi halinsa. Awon sanyi ran nan hamsin da takwas ne ƙasa da sifili. Majiya ƙarfin gari duk suna can wurin garken dawaki, tafiyar kwana biyu. Wanda ya rage sai tsofaffi da mata. Baibal kuwa ba shi da kowa sai 'yarsa Kidana, malamar makaranta. Na je na same ta ta ɗaura wa kanta ɗamara, ta ɗora itace a kan jan-kaya, katakon nan da ake ja bisa ƙanƙara, wai ita za ta hau tudu ta kunna wutar. Mace mai goyo, 'yar nan. Muna ta ba ta haƙuri, ba wanda yake da wata dabara.

Sai ga babanki ya turo ƙofa, gashin bakinsa duk ƙanƙara. Bai zauna ba, bai cire hula ba. Ya tsaya sai da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Kidana, sauke itacen nan, ki kai wa murhunki. Akwai rami."

Ta ce, "Baba Kirgelei, ai naka ne. Kusa da matarka."

Ya ce, "Na san inda yake, ni na haƙa. Zai ishe shi, da ma guntu ne."

Na bi shi waje na kama hannun rigarsa. Na ce, Kirgelei, ka san wa za ka kwantar a gefen Motuona? Ya ce, "Na sani sarai. Shekara arba'in da biyar yana son ya zauna kusa da ita. Sai ki ce in bar yarinya mai shayarwa ta hau tudu a wannan sanyi, ina da rami a rufe ina adana shi kamar kayan aure?" Ya fizge hannunsa ya tafi.

Ran Talata muka hau. Aka ɗaga katako, ramin yana nan a bushe, gefensa sumul kamar jiya aka sare. Ko ashana ɗaya ba a ƙyasta ba, ba wanda ya kai awa a waje. Da aka gama, babanki ya dafa itacen da ke kan kabarin mahaifiyarki ya sunkuya, ina kusa na ji shi. Ya ce, "Ga maƙwabci na kawo miki. Ki yi haƙuri da surutunsa, amma kada ki saba."

Masu cewa ramin ne ya kira Baibal sun fara, ba su daɗe ba. Babanki ya ce musu da rami yana kira, shi zai kira, tunda shi ya sani. Ni dai na sauko daga tudun nan ina kuka, hawaye na daskarewa a kumatuna, kuma ban taɓa jin alfahari da jinina irin na ranar ba. Ki faɗa wa likitanki wannan ne mutumin da yake auna wa shekaru.

Goggonki,
Balbara

Krasnodar, 19 ga Fabrairu

Goggo Balbara,

Ina gaishe ki, ki gafarta mini shirun da na yi. Allah ya ji ƙan Baibal, ki yi wa Kidana ta'aziyya, ajinmu ɗaya da ita.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin hutu, sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na rasa yadda zan yi mata bayani. Na fara da cewa a garinmu sai an ƙona ƙasa kafin ta buɗe, ta dube ni kamar ina tatsuniya, sai na ji ina ƙara murya, ina ba ta labarin dawaki da rumbun ƙasa kamar ke ce a bakina. Da farko haushi na ji, wurin Inna fa. Daga baya na ga babu abin da Baba zai yi ban da wannan.

Amma Goggo, ki duba. Ya ce abin da ya riƙe shi alkawarin gefen Inna ne. Yanzu ya bayar da wurin da hannunsa. Ba abin da ya rage masa a kan tudun. Hanyar kogi tana nan har Afrilu, tikiti yana bayan madubi. Ki karanta masa wannan a hankali: Baba, ka yi wa garin nan duk abin da ake yi. Ka zo ka huta, ka bar ni ni ma in yi maka wani abu.

Tuyara

Hatinnak, 20 ga Maris

'Yar nan,

Lafiya muke. Rana ta fara daɗewa, jiya har ruwa ya ɗiga daga rufin kudu. Saniyata ja ta haihu, mace.

Na karanta masa a hankali kamar yadda kika ce, har sau biyu. Bai yi ba'a ba wannan karon. Ya tashi ya zaro tikitin, ya ce in ɗauki alƙalami in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara masa. Ga shi.

"Tuyara. Likitanki bai yi ƙarya ba, ina jin abin a ƙirjina. Ɗakin da kika gyara na gode, ban taɓa tsammanin wani zai dasa mini inabi ba. Amma an ce a garinku in mutum ya mutu inji ke zuwa ya kwashe ƙasa kafin shayi ya huce. A nan duk wanda kika gani kwance a kan tudu, wani ya sha wuya dominsa. A cikinsu nake so in kwanta.

"Kin ce ba abin da ya rage mini. Uwarki gefe biyu gare ta. Na dama na bayar. Na hagu akwai saiwar itace da duwatsu, shi ya sa na guje shi bara. Yatsuna takwas, numfashina rabi, ba zan iya shi ni kaɗai ba. Samarin gari za su yi mini in na buɗe baki, ban so. Kin ce in bar ki ki yi mini wani abu. To, ga shi. Ki zo a Agusta.

"Kada ki ji tsoro, ba zan mutu kafin nan ba, ba ni da wurin kwanciya. Ga takardar jirginki, ki sa su juya ta, ta kawo ki nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya fita wai zai duba saniya, alhali ba tasa ba ce. Ni ban ƙara komai ba, sai dai in kin tashi zuwa ki taho da maganin sauro, kin san halinsu.

Balbara

Krasnodar, 11 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaishe ku duka, har da 'yar maraƙa. Ina sauri wannan ta ƙetare kafin kogi ya fashe.

An juya tikitin. Na karɓi hutun wata biyu, zan sauka Yakutsk ranar ashirin da takwas ga Yuli. Ɗakin na sa wa maigidana kayan ɗinkin takalmansa a ciki. Na yi kuka da na kwashe shimfiɗar, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina ganin shekara goma ta fi biyu.

Ki faɗa wa Baba sharuɗɗana. Zai sha magani kullum ba sai kin tsaya a kansa ba. Ba zai taɓa diga ba, zai zauna a kan kututture ya yi ta ba da umarni, abin da ya fi iyawa. A wasa mini gatari saboda saiwar.

Sannan ya auna wurin da kyau, ya matsa jikin Inna sosai, ya bar mini taƙi shida ta hagunsa. Ba yanzu ba, ina da sauran aiki a nan. Amma wannan kam ki ja masa kunne, kada ya ba kowa, ko wa ya mutu a Janairu.

'Yarku,
Tuyara